Sandunan Bahaguwa

A bayan ɗakin da ake ajiye injinan yankan ciyawa, inda mambobin kulob ba sa bi sai in ƙwallonsu ta ɓace, akwai wata rumfar kwano. A nan Baba yake gyaran sandunan golf tun kafin a haifi 'yarsa. Tebur ne ɗaya na katako da ya sha mai har ya yi baƙi, da ƙarfen matse sanda a ɗaure a gefensa, da gwangwanin gam, da magagari iri-iri a jikin bango, kowanne da ƙusarsa. Masu ɗaukar wa mambobi jakar sanduna suna kiransa Likita, wai sanda ko ta karye biyu in ta kwana a wurinsa sai ta tashi da ƙafarta. Rumfar ba tasa ba ce. Filin kulob ne, barinsa kawai aka yi, kuma ya san wanda aka bari ana iya cewa ya tashi.

'Yarsa kuwa kowa Bahaguwa yake ce mata, don da hagu take komai, an yi faɗan an gaji. Aikinta tsintar ƙwallaye a filin gwaji, ta wanke su a baho, ta zuba a kwanduna. Ba ta da magana. In mamba ya gaishe ta, takalminsa take amsa wa.

Wata shekara hukumar golf ta ƙasa ta zo kulob ɗin da shirin koya wa 'ya'yan ma'aikata wasan. Suka zo da koci da riguna masu tambari da mai ɗaukar hoto. Sandunan da suka kawo duk na masu hannun dama ne. Kocin ya ga yadda ta tsaya, ya kama kafaɗunta ya juya ta.

"Ta nan ake tsayawa. Sanda ba ta san hagu ba."

Ta doka, ƙwallon ta gangara kamar ƙwai ya faɗo daga tebur. Aka yi dariya, aka ɗauki hoto, da mako ya ƙare hukuma ta naɗe kayanta ta tafi.

Baba ne bai manta ba. Akwai wani tsohon mamba bahago da ya rasu, iyalinsa suka watsar da sandunansa sun yi tsatsa. Baba ya tsince su, ya kankare, ya yanke su daidai tsawonta, ya sa musu sababbin robobin riƙewa. Ta riƙa fita da sassafe kafin mambobi su zo, raɓa na jiƙa mata siket, tana doka ƙwallayen da za ta tsinta da kanta. Shekaru kaɗan aka yi masu ɗaukar jaka suka fara barin hirarsu suna zuwa kallo. Labari ya kai hukuma. Sai ga hotonta a kan wani ƙaton ƙyalle a bakin ƙofar kulob, an rubuta a ƙasa wai golf na kowa ne. Bayan hoton kuma sai ga gayyata: a bana a kulob ɗinsu za a yi gasar mata ta ƙasa, kuma waɗanda suka yi fice hukuma za ta ɗauke su zuwa sansaninta, ta sa su a makaranta, su riƙa wakiltar ƙasa a waje.

Da Bahaguwa ta ji, sai ta ci gaba da aikinta. Amma tun daga ranar, in tana wanke ƙwallaye, sai hannunta ya tsaya a cikin ruwa.

A gida su uku ne, ita da Baba da Goggo, yayar Baba, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Goggo ba ta taɓa taka filin golf ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa manya masu hankali su yini suna bin abin da su da kansu suka jefar ba.

"Wai ita hukumar nan mene ne aikinta?" ta tambayi Baba tana ninke wanki.

"Ita ce uwar wasan, Yaya. Ita ke da doka, ita ke shirya gasa, ita ke zaɓen wanda zai tsaya wa ƙasa."

"Ita ta saya wa yarinyar sanda?"

"A'a."

"Takalmi fa?"

"Ba aikinta ba ne."

"To wannan wace irin uwa ce, ba ta shayarwa sai dai ta zo ranar hoto?"

Baba ya yi dariya ya ce, "Ke dai bakinki ya fi magagarina kaifi."

Ana saura kwana biyu gasa, da la'asar, Baba ya ɗauki sandunanta yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. A fuskar kowace sanda ta ƙarfe akwai 'yan tsage-tsage a kwance, su ne ke kama ƙwallo su murza ta, yadda in ta sauka kusa da ramin da ake son ta faɗa za ta tsaya maimakon ta zarce. Nata sun shafe saboda tsufa, fuskar ta yi sumul kamar bayan cokali.

"Shi ya sa ƙwallo take gudu ta bar ki," in ji shi. "Haƙoran sun zube. Riƙe mini nan."

Ya matse sandar, ya ɗauko wani siririn magagari da shi da kansa ya wasa bakinsa. Ita ta riƙe ƙarshen sandar don kada ta yi rawa. In ya ja layi ɗaya sai ya ɗaga hannu, ita kuma ta sunkuya ta hure garin ƙarfen. Haka suka bi su duka, ƙarar magagari na tashi. Da suka gama ta fita bayan rumfa ta gwada. Ƙwallon ta tashi, ta sauka, ta yi tsalle ɗaya ta tsaya cak kamar an kira sunanta. Bahaguwa ta rufe bakinta da hannu tana dariya. Baba ya goge magagarin a jikin wandonsa ya mayar da shi kan ƙusarsa, yana ta murmushi shi kaɗai.

Ranar farko ta gasar an zo da motoci har ba wurin ajiyewa. 'Yan matan da suka zo daga wasu garuruwa kowacce da jakarta mai sheƙi da kocinta. Bahaguwa ta tsaya a wurin farawa, da aka kira ta ba ta iya ɗaga kai ba. Amma da ta doka ta farko sai duniya ta yi shiru ta bar ta da ciyawa da iska, waɗanda ta sani tun tana yarinya. Ta san inda ƙasa ke karkata, ta san ramin da iska ke yaudara. Da aka tashi, sunanta ne a saman allon sakamako.

Ta gudu daga masu son gaisawa ta koma rumfa, ta zauna a kan benci tana goge sandunan da tsumma. Baba ya kasa zama. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan. Suna haka sai ga alƙalin wasa, wani dattijo dogo mai farin gashi da hukuma ta turo don kula da doka. 'Yar kujerar da yake naɗewa yana yawo da ita ce ƙusarta ta kwance, aka nuna masa rumfar.

"Sannu da aiki, Malam. An ce kai ne Likita."

"Haka yara ke faɗa, ranka ya daɗe. Kawo mu ga mara lafiyar."

Baba na ɗaure ƙusa, alƙali ya juya ya ga Bahaguwa. Ya ce ya daɗe yana wannan aiki bai ga mai tsayar da ƙwallo kamarta ba, ya tambayi wanda ya koya mata. Ita ta sunkuyar da kai. Baba ne ya amsa, cike da jin daɗi.

"'Yata ce, ranka ya daɗe. Hannu nata ne, amma sandunan aikina ne. Ka gan su nan, daga shara na tsinto su. Shekaranjiya ma na sake yanka musu haƙora, duk sun shafe. Taɓa ka ji. Ko sababbi na kanti ba su kai su kaifi ba."

Ya zare ɗaya daga hannunta ya miƙa masa.

Bahaguwa tana kallon fuskar dattijon ta ƙasan ido, ta ga murmushinsa ya tafi. Ya sa farcen babban yatsansa ya bi tsagar a hankali.

"Malam," ya ce, "da ma ba ka faɗa mini ba."

"Wani abu ne?"

"Da ban ji ba, da ban ji ba. Amma na ji."

Ya ciro wani ɗan ƙarfen awo daga aljihun rigarsa ya ɗora a kan fuskar sandar, ya gwada ta biyu, ya gwada ta uku. Sannan ya yi musu bayani a hankali, kamar mai gaya wa dangi sakamakon asibiti. Tsagar nan akwai iyakar zurfinta da kaifinta a doka. Wadda ta wuce iyaka ba a gasa da ita, wanda kuma ya riga ya doka da ita an fitar da shi.

"Gyara ne fa," in ji Baba. "Wuƙa in ta dakushe ba wasa ta ake yi ba?"

"Wuƙa ake wasawa."

"To wa ya taɓa gaya mana? Shekara da shekaru ina nan, hukuma ba ta taɓa leƙo rumfar nan ta ce ga yadda ake yi ba. Manyan kulob ɗin nan da kansu suke kawo mini nasu, su ce Likita a ƙara mata haƙori. Ko mataimakin shugaban kulob, watan jiya..."

"Wannan kuma kada ka sake faɗarsa a gaban kowa," in ji alƙali. "Don kanka na gaya maka."

Ya ɗauki kujerarsa da sanduna uku ya tafi. Baba ya bi bayansa da kallo, sukurudireba na hannunsa har yanzu.

Kafin rana ta faɗi aka aiko kiran Bahaguwa. Sakatariyar hukuma ta karɓi aron ofishin manajan kulob, ɗaki mai sanyi da kafet mai laushi wanda Bahaguwa ta ji kunyar takawa. Mace ce mai fara'a, da tabarau a rataye a wuya. Ita ce ta zaɓi hoton da aka sa a bakin ƙofa.

"Zauna, 'yata. Kin ci abinci?"

Bahaguwa ta gyaɗa kai, ko da yake ba ta ci ba.

"Gasar nan dai ta wuce ki, wannan ba mai iya gyara shi. Amma ba ita ce damuwata ba. Maganar ta riga ta fita, iyayen sauran yara suna ta kira, ana cewa yarinyar hukuma ta yi maguɗi. Gobe da safe kwamiti zai zauna, kuma tambaya ɗaya za a yi miki: kin san an taɓa sandunan ko ba ki sani ba?"

Ta jira. Bahaguwa tana kallon ƙafar tebur.

"In kin sani, ke ce mai wasa, laifin naki ne. Mai gyara abin da aka sa shi ya yi. Za a dakatar da ke shekaru, sansani kuma sai dai ki ji labari. In ba ki sani ba, to an cuce ki ne, hukuma kuwa tana da ikon ɗaukar yarinya ɗaya da ta ga ta cancanta ko ba ta gama gasa ba. Kin gane?"

"Baba fa?" Da ƙyar muryar ta fito.

"Wanda ya taɓa sandar 'yar wasa ba da saninta ba, hukuma za ta sanar da duk kulob ɗin da ke ƙarƙashinta kada ya sake taɓa sandar kowa."

"Bai san an hana ba."

"Na yarda. Wallahi na yarda. Amma ba a rufe irin wannan magana da cewa ba wanda ya yi. Sai an ce wani ne." Ta cire tabarau daga wuyanta ta ajiye. "Ni ban ce ki faɗi kaza ba. Ki je ki yi tunani. Irin hannunki ba kullum ake samunsa ba, shi kuwa babanki ya ci zamaninsa."

A gida Goggo ta saurari labarin tana tsaye, ba ta ko ajiye tsintsiyar hannunta ba.

"Baki shi ke yanka wuya," ta ce wa Baba. "Mutum ya zo gyaran kujera, ka gyara masa kujera. Wa ya tambaye ka tarihin haƙora? Tun kana yaro haka kake, in ka kama fara sai duk unguwa ta gani."

"Na ji, Yaya."

"Ba ka ji ba. Yanzu sai ta je ta faɗi gaskiya, ta ce ta sani, a bar maka rumfarka. Rumfar nan ita ce tukunyar gidan nan. Wancan kuwa wasa ne. Wasa fa. Mutum ya zubar da sana'arsa saboda wasa?"

"Ba za ta faɗa ba."

"Ƙarya kake so ta yi a gaban mutane?"

"Ni na riƙe magagari."

"Ita kuma ta riƙe sanda. Ko ba ke kika riƙe ba?"

Bahaguwa tana zaune a bakin ƙofar ɗaki ta haɗa kai da gwiwa. Ba su jira amsarta ba.

"Idona ya fara tafiya, Yaya," in ji Baba. "Shekara nawa ta rage mini a rumfar? Ita kuwa in ta zauna, tsintar ƙwallon wasu za ta yi har bayanta ya lanƙwashe. Makaranta fa aka ce."

"Su suka ce. Waɗanda suka ce golf na kowa ne. In sun gama hoto da ita suka sako ta, ina za ta dawo? Rumfar da babu?"

"Allah na nan."

"Yana nan, shi ya sa ya ba ka hankali ka ƙi amfani da shi."

Haka suka yi ta yi, Goggo na jifa Baba na karewa, har abincin ya huce a kwano. Ba wanda ya tambayi Bahaguwa abin da take so, kuma ta gode da hakan, don ta riga ta leƙa cikin zuciyarta ta ga abin da ke ciki. Tana son tafiya. Ta nemi wani abu da zai fi wannan son nauyi, ta tuna Baba a sunkuye yana kankare tsatsa, ta tuna yadda yake jera magagarinsa, duk ta ɗora a kan ma'auni, son tafiyar bai motsa ba. Da Baba ya zo wucewa ya dafa kanta ya ce, "Kalma uku ce, ki faɗa ki fito," sai ta ji haushinsa ya kama ta, don ya sauƙaƙa mata abin da bai kamata ya yi sauƙi ba.

Kwamiti ya zauna a ɗakin cin abincin mambobi da ke saman bene. Duk shekarunta a kulob ɗin ba ta taɓa hawa benen ba. Ta taga ana ganin filin duka, kore shar, 'yan matan da suka rage a gasa suna ta wasansu. An haɗa tebura biyu an shimfiɗa farin ƙyalle. Shugaban hukuma na tsakiya, sakatariya a damansa, alƙalin wasa a can ƙarshe da sandunan uku a gabansa. An gayyato mataimakin shugaban kulob ya zauna a madadin masu masauki. Tun da aka shigo da Baba, mutumin bai ɗaga kai daga wayarsa ba.

Ba a ba Baba kujera ba. Ya tsaya kusa da ƙofa da hularsa a hannu, ya sa rigarsa mai kyau.

Shugaba ya yi dogon jawabi a kan mutuncin wasa, da yadda golf ya bambanta da sauran wasanni don an gina shi a kan gaskiya, da nauyin da ke kan hukuma na tsare wannan gaskiya ko a kan wa ta faɗa. Sannan ya dubi Bahaguwa ta saman tabaransa.

"Yarinya, kin san an sake yanka fuskar sandunan nan kafin ki yi wasa da su?"

Ta kalli farin ƙyallen, akwai wani ɗan tabon shayi a gefe, ta kafa masa ido.

"Ban sani ba."

Mai rubuta bayanin zama ya ɗago. "Ranka ya daɗe, ban ji ba."

"Ɗaga murya, 'yata," in ji sakatariya. "Kada ki ji tsoro, ba mai cin ki."

Sai da ta sake faɗa. Wannan karon ɗakin duka ya ji, har mai goge kofuna da ke bayan teburin haɗa shayi ya tsaya da aikinsa.

"Ban sani ba."

Alƙalin wasa, wanda ya ga yadda ta zauna a rumfa jiya Baba na ba da labari ba ta nuna mamaki ba, ya dube ta. Ta jira ya yi magana. Wani ɓangare na zuciyarta har roƙonsa yake ya yi. Sai ya mayar da idonsa kan sandunan, ya gyara musu zama a kan tebur.

Aka juya kan Baba.

"Ni kaɗai na yi," ya ce. "Tana wurin aikinta."

"Ka taɓa yi wa wani irin wannan aikin a kulob ɗin nan?"

Yatsan mataimakin shugaban kulob ya tsaya a kan waya.

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

Yatsan ya ci gaba da tafiya.

Ba a daɗe ana shawara ba. Shugaba ya ce hukuma ta yi baƙin ciki da abin da son zuciya ya sa uba ya yi wa 'yarsa. An hana shi gyaran sanda a duk inda hukuma ke da iko, kulob kuma ya ba shi zuwa gobe ya kwashe kayansa. Yarinya ba ta da laifi, hukuma za ta riƙe ta kamar 'yarta. Aka ɗan tafa. Baba ya durƙusa ya yi godiya, ya sa hularsa, ya sauka shi kaɗai.

Sakatariya ta kama hannun Bahaguwa ta kai ta wurin motar hukuma, ta sa direba ya buɗe baya. Jaka ce sabuwa, sandunan ciki ko ledarsu ba a cire ba.

"Na hagu ne," ta ce. "Jiya na tuna da su na sa aka ɗauko daga sito. Tun shekarar da muka fara shirin yara aka ba mu kyauta daga waje, suna ta ajiye, ba mu samu bahago ba. Kin ga rabo."

Bahaguwa ta dubi jakar. Akwai ƙura a kan ledar, mai kauri, har ana iya rubutu a kai da yatsa. Ta buɗe baki, sai ta ji abin da ya fito shi ne, "Na gode."

Da ta shiga gida da jakar, Goggo ta dube ta, ta dubi jakar, ta ce, "A ajiye ta a waje, ɗakin ya yi mana kaɗan." Ta zuba mata abinci dai, ta tura mata da ƙafa.

Washegari da sassafe Bahaguwa ta riga kowa zuwa kulob, amma ta tarar Baba ya riga ta. Ya sauke magagarin duka ya ɗaure su a cikin buhu, yana fama da ƙusoshin ƙarfen matse sanda, sun yi tsatsa sun ƙi fita. Ta ajiye jakar ta kama gefen teburin don ta riƙe masa.

"Saki," ya ce. "Kada ki ji wa hannunki ciwo. Je ki gwada su kafin mutane su zo, ki san halinsu."

"Baba."

"Je ki mana."

Ta ɗauki jakar ta nufi filin gwaji. Ta yage ledar sanda ɗaya, ta ajiye ƙwallo. Tana tsayawa tana fatan sandar ta yi mata nauyi, ko ta zame, ko ƙwallon ta karkace ta shiga daji, don ta samu abin da za ta koma ta gaya masa. Ta doka. Sandar ba ta ko girgiza a hannunta ba. Ƙwallon ta tashi miƙe, ta yi nisan da ba ta taɓa kaiwa ba da sandunan Baba, ta sauka inda ta nufa.

Daga bayan ɗakin injina ta ji an fara ɓamɓare kwanon rumfa. Ta tsaya jim da sandar a hannu. Sannan ta sa ƙafa ta jawo wata ƙwallon.